'Yar Wutsiyar da ke Tsare Zanen Mahaifiyarku

Da sunan Allah. Ina rubuta wannan da hankalina garau, jiki ne kawai ya fara ƙin ji.

1. Keken surfani na Auta ne. Tsohuwar kwamfutar da ke tuƙa shi kuwa ta Babba ce. Na san ɗaya ba ya aiki sai da ɗaya, da gangan na yi.

2. A cikin kwamfutar akwai zanen surfani ɗari uku na mahaifiyarku, Allah Ya jiƙanta. Tsohuwar manhaja ɗaya tak ke buɗe su, sabuwar da ta gaje ta ba ta karanta su. Shi ya sa duk lokacin da na ba mai girka manhajoji na cikin kwamfutar umarnin sabunta komai, nakan ƙara 'yar wutsiya a ƙarshen layin: a tsallake wannan tsohuwar manhajar. To, abin da aka buga da hannu na wannan karon ne kaɗai, gobe ya manta.

Babba, ka sha ce mini in rubuta ta sau ɗaya a fayil ɗin saiti, inda ba ya mantawa, in huta. Gaskiyarka ce, taurin kai na yi. Amma shekara tara ke nan, duk na buga kalmomin nan sai in gan ta a kujerar bakin taga, tabarau a ƙarshen hanci, tana mitar na cika mata shago da wayoyi. Wallahi ina kewar mitar nan.

3. Makon jiya na kusa ba da umarnin babu wutsiyar. Yanzu na ajiye ta a fayil, ka ci nasara.

4. Auta, ranar da yayanki ya sabunta manhajojin, zanen suka ƙi buɗewa, laifina ne da na riƙe abin a kaina. Shi ya yini yana dawo da tsohuwar manhajar, ke kuwa kika ce ya so shafe mahaifiyarku. Haba! Shekara biyu kuna gaisuwa sama-sama, ya isa haka.

5. Ku sani, umarnin hannu yana danne abin da ke fayil. Layi guda cikin gaggawa ko fushi ya isa ya rushe abin da na ajiye. Saboda haka kada Babba ya sabunta komai sai Auta na zaune kusa da shi.

Allah Ya yi muku albarka, Ya haɗa kanku, ku riƙe zumunci. Kujerar bakin taga kam ban ba kowa ba. Ku bar ta inda take, wanda ya zo wajen ɗan'uwansa ya zauna.