Kaska Ta Cije Ni, Ga 'Yata Tana Buƙatar Jini

Assalamu alaikum Hajiya. Don Allah ki taimake ni da shawara, kaina ya kulle.

Ni manomin rani ne a ƙasar Bunkure, ina ɗan taɓa kiwon shanu da bambaron shinkafa. Mu nan da hannu muke cire wa dabba kaska, mu murtsuke ta da farce. Haka na taso na ga ana yi. Bana bayan girbi zazzaɓi ya kayar da ni, maganin zazzaɓin cizon sauro bai yi komai ba. Da likita ta ga tabon cizo a cinyata, ta ce ciwon kaska ne. Na sha magani na miƙe, har na koma ban ruwa.

To, 'yata Sa'adiyya ce ke da tsohon ciki, an ce jininta ya yi ƙasa, a tanadi mai bayarwa. Hajiya, wajen haihuwarta mahaifiyarta Indo ta rasu. Jini ya ɓalle, aka yi ta neman wanda zai bayar, kafin a samu ta cika. Tun daga ranar, duk wanda aka ce yana neman jini a garinmu, ni ne na farko a layi. Yanzu Sa'adiyya ta zama Indo sak, har yadda take dafa ƙugu in za ta tashi. Ko tumatir na gani mota ta take a titi, sai jan ya tuna mini jinin Indo, in kawar da kai.

Ƙanena Iliyasu ya ce in an tambaye ni a asibiti in yi shiru, ai na warke. Maƙwabcin gonata Luke ya ce zai bayar, amma dangi sun ce jinin bare ba zai karɓe ta ba. Tsoro nake ji. In na faɗa, su hana ni; in na ɓoye, in zuba mata ciwo da hannuna.

Baban Sa'adiyya, daga Bunkure.

Wa alaikumus salam, Baban Sa'adiyya. Allah Ya jiƙan Indo.

Iliyasu ƙauna ce ta sa shi, amma shawararsa ba ta yi ba. Ciwon kaska iri-iri ne. Wani yana fita da magani, a ɗan jira, mutum ya ci gaba da bayarwa. Wani kuwa yana laɓewa a cikin jini alhali mutum yana jin garau, kuma gwajin da aka saba yi ba lallai ya gano shi ba. Mai ciki da jininta ya yi ƙasa ba za ta iya da shi ba.

Ka koma wurin likitar nan ta faɗa maka wane iri ne ya kama ka, ka kai wa masu ɗibar jini bayanin yadda yake. In sun ce ka dakata, ka dakata.

Batun jinin bare kuwa, ba haka ba ne. Rukuni ake dubawa, ba dangantaka ba. Ka karɓi tayin Luke da godiya, ka ƙara da mutum biyu ko uku cikin waɗanda ka taɓa ba wa naka, a gwada su tun naƙuda ba ta zo ba. Kaska kuma a bar murtsuke ta da farce, a nemi maganin feshi wurin malamin dabbobi.

Abin da Sa'adiyya ke buƙata a wurinka shi ne jini ya riga ta isa asibiti, ko na waye. Wannan kana da ikon yi tun yau. Allah Ya sauke ta lafiya, Ya sa ka ɗauki jikanka da hankali kwance.