Turken Siminti a Gefen Gonata

Ƙanena Yuguda,

Assalamu alaikum. Ina fata kana lafiya, kai da Sakina da yara a can Kenya, Allah ya kare ku. Mu nan Zakirai da sauƙi, sai dai bana ma ruwa ya yi gardama, rijiyoyi sun ja baya. Inna ƙafar na damunta, amma tana taɓa abinci.

Bayan haka, mutanen da ka turo sun zo. Sun ce aikinsu ɗan'uwan aikinka ne: ku can kuna zuƙo ruwan zafi daga ƙasa don lantarki, ku mayar, ku auna nauyin ƙasa ku ga ko ruwan ya koma mazauninsa, su kuwa ruwan rijiyoyinmu suke bi. Suka roƙi inda za su kafa ɗan turken siminti, su riƙa ɗora na'ura a kai rani da damina, kada ya motsa ko kaɗan. Na gane, ai na taɓa sakandare. Saboda kai na ba su gefen gonata.

Ka daɗe da barin gida, ka manta abin da siminti a gona yake nufi. Mutanenmu sun ga yadda aka kafa irinsa a bakin birni, gonaki suka koma fuloti. Sai magana ta zaga cewa Balarabe ya sayar da unguwa. Na yi bayani a ƙofar masallaci, maƙwabcina Tasi'u ya ce in riƙe bokona. Da noma ya zo na kira gayya, mai ɗakina Hure ta tuƙa tuwo, ta dama fura. Ko mutum ɗaya bai ɗauko fartanya ba. Ni da na fara da jaki guda, ban taɓa roƙon ƙwayar hatsi ba, ban taɓa ƙin gayyar kowa ba! Ciyawa ta cinye rabin geron.

Ranar kasuwa mutanen unguwa suka tone turken suka yar mini a ƙofar gida. Na mayar da shi da hannuna, don na yi alkawari. Mutanenka suka dawo suka ce tunda ya motsa, awon baya ya lalace, za su nemi wani gari. Ba su ko tsaya sun wanke ni ba.

Ka zo kafin girbi, ka tsaya gaban jama'a ka faɗa da bakinka. Kada ka aiko kowa. Kai ka samu wata ƙasa. Ni mutanen nan ne za su ɗauki makarata.

Ka gaida Sakina da Basiru da Fanta. Inna da Hure suna gaishe ku.

Yayanka,
Balarabe