Har Yau Ban San Maɓallin Tashi Ba

Anti Nafula, don Allah ki taimake ni kafin ranar Asabar. Kada ki sa sunana, mamata da jaridarku take naɗe kifi, kuma sai ta karanta take naɗewa.

Shekarata goma sha huɗu, bara na gama firamare, muna zaune a Nyalenda, nan Kisumu. Ni ba na iya magana cikin mutane, ko a coci baki kawai nake motsawa. Yayana Okoth ne ya fara kai ni shagon gem na Baba Owuor, don Mama ta hana a bar ni gida ni kaɗai. Ya zaunar da ni gaban wasan nan da ake sauko da mutane da laima a wani tsibiri, da'irar da dole a zauna cikinta tana ta matsewa, wanda ya rage da rai shi ya ci.

Ina sauka na danna wani maɓalli, sojana ya kwanta rub da ciki a ciyawa. Na rasa na tashi, kunya ta hana ni tambaya. Haka na yi ta jan ciki, samari suna harbe junansu a kaina, na ƙarshensu ya faɗo daga rufi ya mutu da kansa. Wai na ci. Washegari ma na ci. Anti, har yau ban san maɓallin tashi ba.

Sai Okoth ya kwaikwaya, ya ce dabararsa ce, har ana kiranta Kwanciyar Okoth. Da na yi ƙunƙuni a gida ya ce in rufe masa baki, 'yar ƙadangaruwa kawai, wai mai wasan nan ma shi ya fara fito da da'ira, yanzu kowane gem ya kwafa, wa ya taɓa zuwa yi masa godiya?

To duk shagon sun koya. Kowa yana sauka sai ya kwanta, ba mai harbi, tsit kamar ana jarrabawa. Dokar shagon kuwa, wanda aka kashe shi ke tashi ya ba na layi kujera. Na layi sun gaji da jira sun koma wani shago. Baba Owuor ya rantse wanda ya ƙirƙiro wannan iya shege ba zai buga gasar Asabar ba, Okoth kuwa tun Kirsimeti yake shirinta. Jiya ya sayo min mandazi, irin fanken nan, yana ta ce min ƙanwata ta kaina, wai in je in faɗa wa kowa ni ce. In na faɗa, ido zai dawo kaina, ƙila ma a kore ni. In na yi shiru, an cire shi. Ya zan yi?

Mai jan ciki, Kisumu

'Yata, na yi dariya har shayi ya sarƙe ni. Yayanki ya faɗi gaskiya guda: haka masu yin gem suke, ɗaya ya fito da abu, sauran su wawashe. Amma lokacin da ake tafa masa bai tuna yana da ƙanwa ba. Baba Owuor ma ba mugu ba ne, da kujerun nan yake ci. Sai dai korar mutum ɗaya ba za ta tayar da sauran daga ciyawa ba. Ya zaɓa musu filin hamada a wasan, inda babu ciyawar ɓuya, ko ya ƙara wa da'irar sauri, zai ga malalata suna gudu.

Ki cinye mandazin. Sannan ki gaya wa Okoth, bakin da ya yi shela shi zai warware ta. Ya tsaya gaban kowa ya ce dabarar taki ce, ya kai wa Baba shawarar hamada, ke naki gyaɗa kai kawai. Ba na jin dattijo zai kori yarinya don yatsanta ya kuskure. Kuma kafin ki taka shagon, ya nuna miki maɓallin nan. Kin cinye samari a kwance, ina jiran in ji abin da za ki yi musu a tsaye.

Allah ya ba ki sa'a ranar Asabar. Wannan shafin kuma ki riga Mama kai shi ga kifi.

Anti Nafula