'Yar Aike Tsakanin Falo da Ɗaki

Zuwa ga Yayata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigidan da yara. Ya ciwon ƙafar? Allah ya ƙara sauƙi.

Yaya, abin da na gani a gidan ɗan'uwanmu Kafinta ne ya sa na ɗauki biro. Kin san tun da inji ya cinye masa yatsu biyu ya rufe shago, zaman gidan ya ƙi daɗi. Abin da ba ki sani ba, wata biyar ke nan shi da matarsa ba sa ga maciji. Shi ya tare a falo, ita a ɗaki, taku bakwai tsakaninsu, don na ƙirga. Duk maganar da za su yi wa juna kuma a bakin 'yarsu takwararki take, yarinya 'yar shekara takwas. Je ki ce wa uwarki kaza, koma ki ce wa ubanki kaza. Manya biyu, kowa da bakinsa da wayarsa!

Yarinyar ta rame. Ta cinye farcenta har yana jini, kullum da safe ciki na murɗa mata. Maganin tsutsa suka sayo mata, kowa da nasa. Wallahi ƙyamar su ta hana ni cin abincin gidan.

Ki gaida kowa. Ƙanwarki,
Auta

Yayata,

Sallama da fatan alheri. Na ji daɗi da ƙafar ta yi sauƙi, Allah ya ƙara afuwa.

Kin ce in yi haƙuri, tsakanin miji da mata sai Allah. To ki ji abin da haƙurin ya haifar. Ashe yarinyar nan ba ta kai saƙon yadda aka ba ta. Idan uwar ta ce a gaya masa kujerar da yake kai ta fi shi amfani, sai ta je ta ce wai Mama na tambayar ya hannun. Idan shi ya ce a gaya mata ta tattara ta bar masa gida, sai ta koma ta ce Baba ya ce sannu da aiki. A cikin taku bakwai ɗin nan take wanke musu baki, zagin kuma ta haɗiye shi ita kaɗai. Ina ciki ba zai murɗa ba?

Shekaranjiya uwar ta laɓe bayan labule ta ji. Yaya, ranar ne karo na farko da bakinsu ya zo ɗaya. Na shiga na tarar da yarinyar durƙushe a bakin ƙofa, hannu a sama, uwar tana kiran ta maƙaryaciya daga ɗaki, uban yana kiran ta munafuka daga falo. Ko hawaye ba ta yi, sai haƙuri take ba su. Na ɗauki jakar makarantarta na ja hannunta muka fito.

Ni ma ba zan wanke kaina ba. Sau nawa na gan ta tana kai da kawo ina tsokanar ta da 'yar gidan waya? In na tuna, ƙyamar kaina nake ji.

Taki,
Auta

Yayata abar ƙaunata,

Ina gaishe ki, ina gaida yara. Mu ma lafiya lau, takwararki ta ce in miƙa gaisuwa.

Malamar ajinsu ta haɗa ni da wata likita mai duba damuwar yara. Ta zauna da yarinyar ita kaɗai, da takarda da fensir mai launi, sannan ta ce min cikinta lafiya yake. Kayan da aka ɗora mata ne ya fi ƙarfinta, kuma waɗanda suka ɗora su za su sauke. Ta ce sai iyayen sun zo tare.

Jiya suka zo, kowa da abin hawansa. Suka zauna a benci ɗaya, shi a wannan ƙarshen, ita a wancan, mu a tsakiya. Ba kunya ba tsoron Allah, a gaban ƙofar likitar, ɗan'uwanki ya dubi yarinyar ya ce ta gaya wa uwarta ta kashe wayarta tana damun mutane. Yarinyar ta zabura za ta miƙe. Na danne kafaɗarta, na ce masa daga yau an rufe gidan waya, ga matarka nan, kunnenta biyu.

Ya harare ni, ya harari bango. Can ya juya ya faɗa mata da kansa, a tsawace. Ita ma ta mayar masa da ba daɗi. Abin kunya ne a gaban jama'a, amma da bakinsu suka yi. Takwararki ta ɗago ta dube ni, ta tambaye ni a kunne ko akwai abin da za ta gyara. Na ce babu, ba aikinta ba ne. Sai ta fashe da kukan da ban taɓa jin irinsa ba, likitar ta fito ta ce a bar ta ta yi.

An ba su ranar dawowa, su biyu ba da ita ba. Har sai sun iya ce wa juna ina kwana, yarinyar tana wajena. In sun kawo miki ƙarata, kada ki aiko min. Ki ce su zo da ƙafarsu.

Ƙanwarki,
Auta