Zum ɗin da ya ƙi shiga

Konni, daren Juma'a, Fabrairu 2008

Yau na sayo zum na hannu a kasuwa, dogon gilashin nan mai jawo nesa kusa. Gobe ɗana Sani zai yi kokowarshi ta farko a babban fili, kuma jandarma ba su barin ƙananan masu hoto irina kusa. Don tsabar wayo na bar kyamarata gida, kada mai kaya ya ganta ya tsauwala mini. Na kafa ido a gilashin, na hango raƙumi ƙafafu sama. Mai kayan ya ce cikin kyamara zai miƙe, na ce ai na sani.

Na zo gida, bakin zum da na kyamara bai zo ɗaya ba. Na murɗa, na yi bisimilla, har da robar taya na ɗaure su, hoton ya fito dishi-dishi. Mutumin kuwa ya ƙetare iyaka tun la'asar.

Uwar yara ta ce, "Malam, ko in daka yaji da shi?" Na yi dariya, to me zan yi?

Sani ya leƙo kafin ya kwanta, ya shafa zum ɗin a hankali. "Baba, har fuskata za ta fito?"

Na ce mishi har zufa.