Sitacin da Bai Bushe da Wuri Ba

Zuwa ga Yayata,

Bayan gaisuwa mai yawa, ya jikin Baba, ya kuma zaman asibiti? Allah ya ba ki ladan jinya.

Kin aiko wai in zo, wai ba ni da zuciya. Ni? Wa ya janyo shi daga shago ranar da batirin nan ya kumbura ya fashe a hannunsa? Har yau ƙaurin yana hancina.

Na karanta cewa ruwan cikin batir ne ke kamawa da wuta, kuma masana na gwada sitaci a madadinsa, wannan dai na wanki. A dafa shi da gishiri da giliserin, wannan man shafawar, a zuba kan gilashi ya bushe kamar leda, a sa tsakanin farantan batir. Ni ma shi nake ta gwadawa. Mai gyaran rediyon kusa da mu sai dariya yake, wai na koma ɗan wanki. Mutumin da ko allon shagonsa bai iya karantawa ba!

Bushewar ce masifa. A rana ya tsage, a inuwa laima ta jiƙa shi, sai an tsaya ana gadinsa. Idan na tafi na bar wannan, shi ma ya lalace. Ki ce wa Baba zan zo masa da batirin da ba ya cin mutum. Ya ɗan jira ni.

Ki huta lafiya.
Ƙaninki,
Auta

Yaya,

Ina gaishe ki. Ya ƙarin haƙuri? Wajen zaman makokin Baba kasa kallon idonki na yi, shi ya sa na rubuto.

Sanda kike ta kira, wayar na aljihuna, hannuna biyu na kan ledar sitacin ina ɓare ta daga gilashi. Idan na saki, ta yage. Na ce bari in gama. Na kuwa gama, ta fito lafiya lau, na sa ta a batir har ta kunna ƙaramin ƙwan fitila. Haske ɗan mitsitsi, ko kyankyaso ba zai tsorata ba. Da murnata na kira ki, sai na ji kuka.

Kawu na ta cewa lokaci ne. Na sani, ya daina maimaita mini! Lokacin ne ya hana ni shiga mota?

Abu ɗaya nake roƙo, kuma kada ki lallashe ni, ke da ma ba ki iya ƙarya ba. A ƙarshen nan, ya tambaye ni?

Allah ya jiƙansa.
Ƙaninki,
Auta