Tayar da Na Sa Aka Yanka

Ernis ɗana,

Na fita tun kana barci, don ba zan iya haɗa ido da kai ba.

Sabuwar tayar tirelar kwananmu, wadda za mu hau dutse kiwo da ita, ba matarka Nurjamal ce ta sa aka yanka ba. Ni ce. Na ga tayoyi biyu jingine a bayan garke, na ɗauka duk tsofaffi ne. Na kira maƙwabcinmu Toktosun ya tsaga mini ɗaya, na cika ta da ƙasa na shuka furanni. Har farin fenti na shafa mata, ina ta murna.

Nurjamal ta ce, "Apa, wannan kamar sabuwa ce fa." Na ce, "Ke amarya, yaushe kika zo gidan nan har za ki koya mini taya?"

Jiya kana ta yi mata faɗa a gaban ƙannenka, ta sunkuyar da kai, ta ƙi ambaton sunana. Ni kuwa ina zaune ina kurɓar shayi kamar ban san zancen ba. Tsofai-tsofai da ni!

Na tafi kasuwar At-Bashi neman wata tayar, lambar girmanta tana rubuce a tafin hannuna. Zaɓen janareton da za mu saya kuma a bar wa Nurjamal, ta fi ni ido.

Kafin ka sa komai a bakinka, je ka ba ta haƙuri. Nawa haƙurin da bakina zan ba ta, a gaban duk wanda ya ji faɗan.

Apa